Kawu da Takardun da Suka Ƙi Nutsewa

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: labarin nan yana da wawa guda ɗaya, kuma ni ne. Na daɗe ina neman wanda zai taya ni ɗaukar wautar, ban samu ba. Mutum ɗaya da ya taɓa karɓar ta daga kaina ya aza a nasa, shi muka kai makwancinsa a makon jiya bayan azahar: Kawuna, ƙanen mahaifiyata, kuma malamina. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa. Allah Ya yalwata masa kabari, Ya sa can ta fi masa nan.

Na zauna a zauren makoki ina jin yadda ake rabon Kawu kamar ana rabon gado. Wani tsohon ma'aikacin hukuma ya gyara rawani ya ce marigayi nasu ne, mutum mai biyayya, bai taɓa ɗaga wa na gaba murya ba. Bai rufe baki ba sai wani dattijo da ya sha ɗauri a siyasar farko ya ce sam, nasu ne, ai saboda su aka fitar da shi daga gari. Suka hau hararar juna a kan tabarmar mamaci, sai da liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Mutanen fadama kuwa sun iso da laka a ƙafafunsu, suka zauna can gefe. Bulamansu, wato mai garinsu, bai ce komai a kan siyasa ba. Ya dai ce duk wanda ya iya rubuta sunansa a ƙauyensu, daga hannun Malam ya samo, ya goge ido da bakin riga. Sai wani jikan Kawu, ɗan jami'a, ya matso kunnena ya tambaye ni wai da gaske ne kakansa ya taɓa shigo da takardun tayar da gari daga ƙasar Faransi? Na ce masa ya fara miƙo mini shayin nan tukuna.

Saboda yaron nan na ɗauki alƙalami. Masu karatu su yi haƙuri da ni, bokona ya tsaya ne a tsakiyar kogi, bai kai gaɓa ba.

Kawu dogo ne siriri, yana tafiya kamar zalɓe a cikin ruwa, a hankali, idonsa a ƙasa. Baƙo zai ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce, takarda yake nema. Kakanninsa malamai ne daga wajen Borno, kuma ya gaji abu ɗaya da bai taɓa saki ba: rubutu ba ya kwana a ƙasa, don ba ka san inda sunan Allah yake a ciki ba. Duk guntun takardar da ya gani, ta allo ce ko ta boko, sai ya durƙusa ya ɗauka, ya kaɗe ta, ya sa a cikin hula. In ya cire hular zai yi alwala, sai ka ga suna zubowa kamar an girgiza tsamiya. Ranar Juma'a da la'asar yakan gangara kogi, ya naɗe wando, ya shiga ruwa har gwiwa, ya juya mana baya ya sunkuya. In ya fito, hular ba komai. Mu muna can muna hawan gora muna ninƙaya, abin da muke gani ke nan. Ya koya mana tsintar, kuma ni na fi kowa ƙwazo, don ina so a ce ɗan 'yar'uwar Malam ya gaje shi.

Ajinmu a babbar firamare ta Hadejia yana da bango da rufi, amma Kawu bai yarda ilimi yana zama a ɗaki ba. In ruwa ya ja baya da kaka, yakan kwashe mu zuwa fadama, inda ambaliya ta shafe iyakokin gonaki ƙasa ta koma sumul kamar tafin hannu. Mu tsaya mu ga Bulama da dattawa suna takawa, wannan ya ce daga kukar can ne, wancan ya ce a'a daga surin nan ne. Kawu ya ce mu buɗe ido: ruwa ya shafe iyaka, mutane za su sake ja. In sun ja da baki, ita ce siyasa. In sun ja da sanda, sai gaban alƙali.

Lokacin Turawa sun fara naɗe tabarmarsu, kalmar zaɓe kuma sabuwa ce a bakin mutane, ana juya ta kamar goron da ba a san ɗanɗanonsa ba. Fatake suka kawo labari cewa a Damagaram, ƙasar da Faransi ke riƙe da ita, za a zaɓi 'yan majalisar gari. Kawu ya ƙi barci ya hana manya barci, sai an bar shi ya kai 'yan babban aji su gani da idonsu. Mahaifina ya ce ɗansa ba ya zuwa ƙasar da ake kama mutane aikin tilas. Suka yi ta yi da Kawu a ƙofar gida har maƙwabta suka leƙo. Mahaifiyata ce ta raba su daga bayan danga, ta ce tun da aka haife ni Kawu ke yi mini aski, in ya yanke ni sau ɗaya a faɗa mata. Baba ya bar ni na tafi, don shi ya taɓa yanka ni.

Babban da ke kula da makarantu ya yarda, amma da sharaɗi. Mu je da ido mu dawo da ido. Ban da waƙar jam'iyya, ban da hularta, ban da takardarta ko guda. In aka ga wani abu ya biyo mu, wuyan Kawu ne. Kuma a daidai lokacin an riga an sa sunan Kawu cikin waɗanda za a tura Kano ƙarin karatu, ya dawo ya zama shugaban makarantarmu. Matarsa, wadda muke kira Iya, har ta fara tanadin labulen sabon gida.

Muka hau bayan babbar mota a Malam Madori, muka bi ta Gumel muka nufi Maigatari. Ban manta yadda kore ya riƙa janyewa daga duniya ba. Da farko ciyawar kachalla ta ɓace, sannan shinkafa, sannan tsuntsayen ruwa, har aka bar mu da rairayi da aduwa da sama mai faɗi wadda ba ta da inda za ta kalli fuskarta. A kan iyaka muka diro muna neman jan layin da muka sani a taswira. Babu komai sai wani soja mai jar hula yana gyangyaɗi a gindin bishiya. Kawu ya nuna mana wani jaki, ya ce ga iyakar nan, bakinsa yana kiwo a Faransi, bayansa yana sauke nauyi a Ingila.

Damagaram gari ne da aka gina a tsakanin duwatsu manya-manya masu kama da giwaye sun kwanta hutawa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya. Mun sauka a gidan wani ɗan'uwan Kawu na wajen uwa, suka yi ta zuba Barbarci muna gyaɗa kai. Da muka huta na tambayi mai gidan ta ina ake gangarawa kogi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira matansa su zo su ji. Babu kogi. Ruwa a garwa ake yawo da shi, ana lallaɓa shi kamar jariri. Na kwanta ina tausayin mutanen da ba su taɓa jin kwaɗi sun cika dare da kuka ba.

Jam'iyyu biyu ne ke takara, ana gane su da launin takardar ƙuri'a, masu fara da masu shuɗiya. Kawu ya kai mu gidan kowanne muka gaisa, muka zauna a baya muka saurara. Masu fara suka ce in an zaɓe su za su kawo ruwa gari. Masu shuɗiya suka ce in an zaɓe su za su kawo ruwa gari. Da muka koma masauki Kawu ya tambaye mu me ya raba su. Ni na ɗaga hannu da sauri na ce launi. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa tunkiyar da ta shiga masallaci, ya ce gobe mu bar kallon bakin mai magana, mu dubi waɗanda ke zaune a tabarmarsa. Washegari muka duba. Tabarmar masu fara ta cika da hakimai da attajirai, ta masu shuɗiya kuwa 'yan dako ne da direbobi da 'yan ga-ruwa. A hanya wani direba ya raɗa mana cewa masu shuɗiya abokan 'yan adawar ƙasarmu ne, waɗanda a gida ba a son a ji sunansu a bakin yaro.

Ranar zaɓe ta zo mini kamar mafarki. A wurinmu in za a zaɓi wakilin unguwa, bayan mutum ake yin layi, yana waiwayowa yana haddace fuskokin waɗanda suka tsaya bayan wani. A can kuwa an kewaye wani lungu da zana. A ba ka takardu biyu da ambulan, ka shiga kai kaɗai, ka sa wadda kake so, ka yar da ɗayar, ka fito ka jefa a akwati, daga kai sai Ubangijinka. Kuma ga mata a layi, da goyo, da sanda, da tsofaffi masu baƙin zane. Muka saki baki. Wata tsohuwa ta tambaye mu daga ina, muka ce Hadejia. Ta ce iyayenmu mata suna jefawa? Muka ce a'a. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ba Ya haɗa wa bawa biyu, mu da kogi, su da ƙuri'a.

Ina zagayawa bayan zanar ne na ga takardun da ake yarwa iska tana fito da su ta ƙasa, mutane suna takawa. Na ɗauki shuɗiya guda. An rubuta sunan ɗan takara da bokon Faransi, a ƙasa kuma an sake rubuta shi da ajami. Sunansa irin sunayen nan ne da ke ƙarewa da sunan Allah. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, ga sawun takalmi a kansa. Na duba farar, sunan mai ita ba shi da wannan nauyin, na bar ta. Na shiga tsintar shuɗɗan, ina kaɗewa ina cusawa a riga. Suna da yawa ƙwarai, don mutumin ya sha kaye, ni ne shaida.

Za a ce ina sharaɗin da aka gindaya mana? Wallahi ko kusa bai zo mini a rai ba. A kaina takardar siyasa ita ce wadda ake miƙa maka a ce ka karanta. Wannan kuwa sunan Allah ne a ƙasa. Kuma tun da garin ba kogi, ai dole in kai su inda ruwa yake. Ban gaya wa Kawu ba, don ina so in gama aikin lada ni kaɗai, sannan in zo in tsaya a gabansa a yaba mini. Na shimfiɗa su a ƙasan jakata, na ɗora burodin tsaraba a kai.

Mun dawo ana gobe kasuwa. Washegari da hantsi na gangara sama da mashaya, inda Kawu ke shiga. Ruwa ya kwanta lamo, furannin bado sun buɗe, balbelu suna jere a kan wani kwale-kwale da ya nutse rabi. Na shiga har gwiwa, na juya wa gari baya kamar yadda na ga ana yi, na yi bisimilla na saki takardun. Suka bazu a kan ruwa, shuɗi a kan shuɗi, suna juyawa a hankali kamar garken tsuntsayen da suka sauko sha. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, har yau. Na tsaya ina jira su nutse. Suka ƙi. Suka kama hanya cikin natsuwa suka nufi mashaya, inda rabin gari ke ɗiban ruwa, ana wanki, ana sauke kayan kasuwa.

Abin da ban taɓa gani ba, saboda kullum bayansa nake kallo, shi ne Kawu yakan dunƙula takardunsa a cikin curin laka, ya danna su a gindin ruwa.

Kafin azahar babu rumfar da shuɗiyar takarda ba ta shiga ba. Yara suna tsamowa suna shanyawa. Masu karatun allo suna karanta sunan, suna tambayar wane ne wannan. Aka ce 'yan adawa sun haɗa kai da na Faransi, aka ce ta ruwa suke turo saƙo don 'yan doka ba sa tsare kogi. Wani masunci ya rantse ya ga kwale-kwalen da ya kawo su. Kafin la'asar wata mai wanki ta ce ita dai ɗan 'yar'uwar Malam ta gani tsaye a ruwa yana murmushi shi kaɗai.

Aka kira mu gaban babban mai kula da makarantu, Baturen makaranta yana gefe yana juya wata jiƙaƙƙiyar takarda da bakin alƙalami. Babban ba mugu ba ne, yana son Kawu, har ya buɗe masa ƙofar fita. Ya ce kowa ya san halin yaro, in Malam ya shaida cewa yaron nan gaban kansa ya yi, ba da saninsa ba kuma ba da koyarwarsa ba, sai a yi wa yaro bulala a sallame shi daga makaranta, magana ta mutu, tafiya Kano tana nan. Rabin wannan gaskiya ne, don da saninsa babu. Ina durƙushe ina kallon yatsun ƙafar Kawu, ina jira.

Kawu ya cire hularsa, ya juye ta a kan tabarma. Takardu suka zubo, guntun jarida, shafin littafi, har da shuɗɗa biyu da ya tsinto a hanyar zuwa.

"Ranka ya daɗe, ban san ya ɗauko ba. Amma ni na koya masa ɗauka. Na koya masa tsinta, ban koya masa nutsarwa ba. Rabin karatu kuwa laifin malami ne."

Baturen ya nemi a fassara masa, aka fassara, ya ce bai gane ba, aka sake. Babban ya daɗe yana kallon Kawu, sannan ya ce to, shi ya zaɓa. Aka bar ni a makaranta. Aka soke sunan Kawu daga tafiya Kano, aka tura shi ya buɗe aji a wani ƙauye can cikin fadama, wajen Kafin Hausa, inda in damina ta sauka ruwa ke rufe hanya sai kaka. A ƙofar fita bai zage ni ba. Ya tambaye ni kawai ko sun yi kyau a kan ruwan. Na ce sun yi. Ya ce ya yi zaton haka.

Nakan je masa hutu. Makarantar rumfar zana ce a kan tudu, ruwa ya kewaye ta ta ko'ina. Da safe sai ka hango 'yan makaranta suna tahowa a kan gora, littattafai ɗaure a ka, kamar agwagi. Tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, suna wucewa ta saman aji, Kawu ya dakata da darasi har su gama wucewa, ya ce ba a katse manya. Da yamma ya zauna a bakin ruwa yana gyara rubutun yara, hasken rana yana narkewa a cikin kachalla. In rikicin iyaka ya tashi, shi ake kira ya zauna kusa da Bulama. Ya sa aka kewaye wani lungu da zana, in za a zaɓi mai kula da tafkin kamun kifi, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙwallon dabino ko na goruba a tulu. Ya so mata ma su riƙa jefawa, dattawa suka ce Malam ya bari ruwa ya ja tukuna. Ni dai a idona Kawu yana cikin aljannar duniya.

Ni kuwa da aka sayi kujerata da wannan tsada, ban cika shekara biyu a kanta ba. Lissafi ya ƙi ni, na ƙi shi, na bi wani ɗan'uwan Baba fataucin bandar kifi. Kawu ya ɗauke mini magana damina guda cur. Rannan ina zaune a tasha sai ga inuwa doguwa a kan tirena. Ya nuna tarwaɗa guda, na naɗe masa ita. Sai da na miƙa na ga abin da na naɗe ta da shi: shafi ne daga littafina na makaranta, da rubutuna, da jan gyaransa. Ya warware a hankali, ya goge man kifin a gefen tabarmata, ya ninke shafin ya sa a hula. Ya kama kifin a wutsiya, tsirara, ya tafi. Da ya yi nisa ya waiwayo ya ce in gaida uwata, in kuma zo hutu, Iya tana tambayata. Faɗan ya ƙare ke nan.

Turawa suka tafi, gwamnatoci suka zo suka wuce, aka manta da shi a can. Lokacin da aka tuna aka dawo da shi gari, furfura ta gama da shi, shugaban makarantar kuma yaro ne da ya koya wa baƙi da wasali. Bai taɓa ambata mini Kano ba. Ni kuwa na mai da labarin abin hira, ina ba da shi a majalisa ana dariya, kullum ina ƙarewa da cewa wautata alheri ce.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida in yi wa Iya gaisuwa. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta tsufa ta ƙanƙance, carbi a hannunta, mata sun kewaye ta. Na durƙusa na yi addu'a. Da na ga ɗakin ya yi nauyi, sai na ce bari in sauƙaƙa musu. Na gyara murya irin ta masu wa'azi na ce in aka duba da idon basira, ni ne gatan Kawu. Ba don ni ba da ya ƙare a ofis yana faɗa da tawada, amma na aika shi wurin ruwa da tsuntsaye da mutanen da suka so shi, ga su can zaure sun cika. Na ce har ina shirin rubuta tarihin, don na baya su san wa za su gode wa.

Wasu matan suka murmusa. Iya ba ta ɗaga kai ba, carbinta bai tsaya ba.

"Shi ya ga tsuntsaye, ɗan nan. Ni 'ya'ya biyu na binne a tudun can, don ruwa ya tsare hanyar asibiti. Ka rubuta wannan ma, in bokon naka ya kai."